Tsohuwar bashe a hanyar Sukukutane

Sukukutane tana cikin ƙasar Arewa, a jihar Doso, arewa da Dogondutsi. Da damana mutanenta suna noman hatsi da wake. Da rani su shiga garake. Farar albasarsu ta yi suna, har ma'aikatan gona suna kiran irin da sunan garin. Akwai makiyaya kuma, da shanunsu da bisashensu.

Babbar hanyar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso ta nufi Birnin Ƙwanni, ta ratsa Dogondutsi. Amma ba ta biyo ta Sukukutane ba. Mai zuwa garin sai ya bar ta a Dutsi, ya yi arewa ta wajen Matankari. Tsakanin ƙauyukan yankin kuwa, daga hanyar burji sai ta yashi. A nan tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya take sarauta. A Nijar ana ce mata bashe, a Najeriya a-kori-kura. Ita ke kai albasa kasuwa, ita ke ɗauko taki da gishiri. Wani lokaci ita ke kai mai naƙuda likita cikin dare.

Uwar waɗannan motoci ita ce Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960. Daga baya 504 ta zo. An daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, inda aka buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Yanzu Toyota Hilux ta ƙwace wuri mai yawa. Amma ko wace iri ce, kafin ta iso hannun direban ƙauye ta riga ta ga duniya. Wata ma ta girmi direbanta.

Cutar farko a wannan hanya ƙura ce. Injin mota yana shaƙar iska kamar mutum, kuma yana da matata mai tare ƙura. In matatar ta toshe, mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai da yawa. Ga lissafi. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta mai da litar esansi tamma 499, wato dala 100 ba tamma 1. A ce toshewar matata ta ƙara wa mota lita 3 a tafiya guda. Kusan jika 1 da rabi ke nan ta tafi a banza. Wani direba sai ya cire matatar ya jefar, wai don mota ta numfasa. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Ƙura ta shiga cikin injin ta riƙa cin ƙarfe kamar zarto. Bayan ƴan watanni hayaƙi mai shuɗi ya fara fita, baƙin mai yana ƙarewa da wuri. Daga nan sai sauke injin, kuma babu gyaran da ya fi shi tsada.

Zafi shi ne na biyu, kuma ya fi ƙura saurin kisa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da albasa take da yawa, zafin rana yakan wuce digiri 40. Ruwan da ke sanyaya injin yana cikin radiyato, tukunyar nan mai ƙananan hanyoyi a goshin mota. Ruwan rijiya mai laka ko mai kanwa yana toshe hanyoyin nan a hankali. Bel ɗin da ke juya fanka shi ma yakan tsufa ya tsinke. Kuɗinsa kaɗan ne, direba mai hankali ba ya rabuwa da na ajiya. In aka ci gaba da tafiya injin yana tafasa, faifan da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa ya ƙone. Alamarsa ba ta ɓuya: farin hayaƙi a baya, baƙin mai kuma ya koma kamar kunu. Fasinja da yawa, don taimako, sukan ruga da buta su buɗe murfin radiyato. Kada a yi. Tururin yana saluɓe fata, ruwan sanyi kuma yana iya tsaga ƙarfe mai zafi. A nemi inuwa a jira ya huce.

Sai maganar lodi, kuma a nan ba direba kaɗai ke da laifi ba. An yi irin wannan mota don ta ɗauki kimanin tan 1, wato kilo 1000. Babban buhun albasa yakan kai kilo 100, har ya fi. Buhu 10 ke nan sun cika ta. To, wa ya taɓa ganin bashe ta tashi ranar kasuwa da buhu 10 kaɗai? Ana ɗora buhuna har su wuce kan direba, a ɗaure awaki a gefe, mutane su hau bisa. Kowa yana roƙo: nawa guda ne, a taimaka. Direba kuma yana duban kuɗin mai. Da an hau gargada sai faifayen ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya su fara karyewa ɗaya bayan ɗaya. Taya ta yi zafi ta fashe. Birki ya kasa riƙe nauyin a gangara. Mai walda yana iya liƙa faifan da ya karye, amma walda ba ta daɗewa a ƙarfen da aikinsa lanƙwasa ne.

Yashi kuma kuloci yake ci. In mota ta kafe, direba ya yi ta taka wuta, sai a ji wari kamar na ƙonannen tsumma. Gara a sauko, a rage iskar taya kaɗan, a haƙe yashin, a tura. Gyaran kuloci sai an sauke akwatin giya. Man ƴan ruwa-ruwa na cikin kwalabe, in da datti ko ruwa a ciki, yana toshe karbirato. A motar gazuwal abin ya fi muni, don famfonta ba kowane makanike ke taɓa shi ba.

Kuɗin gyara kashi uku ne. Akwai kuɗin ƙarfe, akwai ladan makanike, akwai kwanakin da mota take kwance. Na ukun ne ba a lissafawa, shi ne kuwa mai ciwo. Faci da ƙananan gyare-gyare ana samu kusa. Babban ƙarfe kuwa sai an aika Dutsi, in babu a nemo daga Yamai ko Sakkwato. Wanda aka aika sai an biya masa mota da abinci. Kafin ya dawo kasuwa ta ci ta watse, albasar da aka sauke a rana ta fara laushi. Kwana a daji ma ba kamar da ba ne, tun da ƴan bindiga suka fara yawo a arewacin Dutsi cikin ƴan shekarun nan.

Kayan gyara daga waje suke zuwa, saboda haka abin da ya faru nesa yana isowa har garejin ƙauye. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsalle. A 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta fiye da shekara guda. A 2023 kuma aka rufe iyakar Gaya, hanyar da kayan Kwatano suka saba biyowa. Duk lokacin da aka yi haka sai jabu ya cika kasuwa. Makanikai da yawa sun fi yarda da ƙarfen gwanjo na asali bisa sabo mai araha wanda ba a san inda aka ƙera shi ba. Mai mota ba daga aljihunsa yake cike giɓin ba. Yana ƙara dala kaɗan bisa kowane buhu da kowane fasinja, manomi da makiyayi su biya.

In bashe ta mutu murus, ba a barin gawarta ta ruɓe. Ƙafafunta na baya da sandar da ta haɗa su sukan koma amalanken shanu. Maƙera suna sayen faifayen ƙarfen nan su ƙera gatari da wuƙa da hauya. Tsohuwar taya ta zama takalmi, robar cikinta kuma a ɗinka guga da ita a kai rijiyar garka.