Kongo da Damina: Inda Na Je Koyon Faten Tsaki

Idan ke Bakanuwa ce irina, na san tun kina ƙarama kike jin ana tsokanar Zage-zagi da shan fate, ƙila ma har da bakinki a ciki. Ni ma na yi, sai ga shi Allah ya haɗa ni aure da Bazazzagi. Shekara 11 ina girka masa shinkafa kala-kala bai taɓa kushewa ba. Bayan rasuwar mahaifiyarsa, wata rana da yamma ana yayyafi, na ji ya ce, kamar mai magana da kansa, shi ke nan shi da fate sai labari. Maganar ta tsaya mini a rai. Na gwada sau biyu a ɓoye: na farko ya fito tsululu kamar kunu, na biyu ya kama gindin tukunya har ƙauri ya kai maƙwabta. Da aka yi hutun yara a watan Agusta sai na ce a kai ni Zariya, unguwar Kongo, wajen gwaggonsa.

In za ki yi wannan tafiya, ki yi ta da damina. Tun daga Kwanar Ɗangora idonki ba zai huta da kore ba, masara ta fi mutum tsawo dama da hagu, wajen Tashar Yari kuma ga rake a fadamu, ƙasar Maƙarfi ke nan da ta yi suna da mazarƙwaila. Kina shiga gari ta Kwangila, ki bi PZ, ki haye gadar Kubanni ki faɗa Tudun Wada, Kongo na nan kusa.

Ni da na ɗauka Kongo cikin birni take. Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Ke Bakanuwa, mu nan waje muke, birni sai kin shiga Ƙofar Doka." Abin da ya fito da sunan unguwar shi ne makarantar da aka kafa a 1947 don horar da akawuna, wadda ta koma cibiyar koyar da aikin mulki, aka haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ake karatun lauya, ba a Samaru ba. Saboda haka bakin titi duk ɗalibai ne da masu shayi, ana ta soya Indomie da ƙwai. Amma ki kutsa lungu kaɗan ki leƙa tsoffin gidaje. Bayan ɗakin Gwaggo akwai fili da bai fi shimfiɗar tabarma shida ba, ta cika shi da rama da yakuwa da alayyafo da gauta, kabewa ta hau katanga, ga kaji suna tone-tone. Ta ce 'ya'yanta sun dame ta a gina shago biyu a wurin, ta ce su jira sai bayan ranta.

Kashegari ta ja ni cikin birni gaida danginsu. Muka wuce ta ƙofar fada, ta nuna mini masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830. Amma ita hankalinta ba a kan gine-gine yake ba. Duk inda muka gifta sai ta nuna jerin gidajen bulo ta ce nan da gona ce, can fadama ce, ƙarƙashin wancan rimin suke hutawa in sun kai wa iyayensu abincin gona. Mutanen da sun zagaye gari da gonakinsa ne cikin ganuwa ɗaya, don ko an kawo yaƙi a sami abin ci. Ta ce a ƙuruciyarta dawa ta fi yawa. Haka abin yake kuwa, daga shekarun 1970 ne masara ta mamaye gonakin wannan yanki, da zuwan takin zamani da ingantaccen iri, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ke cikin masu samar da shi.

Ran kwana na uku aka ɗora tukunya. To uwargida, ki gyara zama.

Kuskurena na farko tsakin ne. Na kasuwa na saya, rabinsa gari. Gwaggo ta sa aka surfa masara, aka wanke, ta sha iska, aka kai inji aka ɓarza. Ta tankaɗe ta ware garin gefe don tuwon dare, tsakin ta wanke shi ta rege a ƙwarya sau biyu saboda tsakuwa. Garin nan da ake bari a ciki shi ke mai da fate kunu, shi ke sa shi kamu.

Ta fara da ƙashi mai ɓargo da albasa da daddawa, ta bari ya dahu sosai. Ta zuba jajjagen attaruhu da tattasai da tumatir kaɗan, da manja ludayi guda ba tare da ta soya ba, ta tsaida ruwa mai yawa, ta sa wake da ta riga ta tafasa. Sai da ruwan ya tafasa bal-bal sannan ta riƙa barbaɗa tsakin tana juyawa da muciya. Na ce ai ruwan ya yi yawa. Ta ce, "'Yar nan, tsaki shan ruwa gare shi, bari ki gani." Ta janye itace biyu daga murhu. Ki kula da wannan wurin, domin fate in ya fara kauri tsalle yake yi, ya fallatsar miki a hannu ba ki manta shi.

Gyaɗa ɗanya ta daka sama-sama, bayan ta zauna ta tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna. Ita cewa ta yi ɗaci take sawa. Likitoci kuma sun tabbatar irin wannan gyaɗar na ɗauke da guba mai cutar da hanta, don haka kada ki yi ƙyashin zubarwa. Bayan gyaɗa sai gauta, sai rama. Ni da na saba jefa kanwa don kashe tsami, ta riƙe hannuna. Ta zuba wa ramar ruwan zafi ta tsane, ta ce fate ba tsami ai ba fate ba ne, a rage shi kawai ake yi. Yakuwa 'yar kaɗan. Alayyafo da lawashi su ne na ƙarshe, ta rufe minti biyar ta sauke, ganyen yana nan kore shar.

Ba mudu, ba agogo. Duk abin da na tambaya sai ta ce "daidai misali". Dole na zauna da takarda ina ƙiyastawa: kofi ɗaya na tsaki, kofi biyar zuwa shida na ruwa, ganye kuma ya fi abin da idonki ya ce ya isa.

Muna zubawa hadari ya haɗo ta gabas. Muka shige rumfa, kowa da kwanonsa, ga man shanu ga yajin ƙuli. Ɗiyata mai shekara tara, wadda a gida ko miyar kuka sai an yi daga da ita, ta fara da yatsine fuska, ta ƙare da kankare kwano. Wasu ɗalibai mata biyu da ke haya a gidan suka fito da robobinsu ba kunya, ashe sun saba, in sun ji ƙamshin daddawa ba sa ɗora komai. Gwaggo ta ce cikin jikokinta mata bakwai, ɗaya ce kaɗai ta taɓa zama kusa da murhu ta ga yadda ake yi, sauran sai dai a kira su in an sauke. Ban ce komai ba, don ni ma da 'ya'ya uku na zo koyo.

Na koma Kano da tsaki tiya biyu da irin rama a ƙulle cikin leda. Ranar Juma'a na dafa, na ajiye wa maigidan ban ce masa komai ba. Ya buɗe kwano ya daɗe yana kallo. Ya sha, ya ƙara, sannan ya ce na Inna ya fi wannan tsami kaɗan. Na kira Gwaggo a waya na faɗa mata, ta ce ita marigayiyar ba ta zuba wa ramarta ruwan zafi, wankewa kawai take yi ta watsa. Irin ramar na shuka shi a tsohon bokiti bayan kicin, yau kwana tara, ya fara fitowa.