Yaron da ya ƙi bin zanena

Shekara uku ke nan ina riƙe da ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantarmu, ba don na fi kowa iyawa ba, don dai babu wanda ya yarda ya ɗauka. Na shigo aikin da halin da aka koya mana a makarantar horar da malamai: kada ka shiga aji sai da takardar shirin darasi, kuma abin da ka rubuta shi za ka bi. Haka na zana wa yara tsari uku a allo, kowane da lambarsa.

Tsari na biyu shi ne wanda duniya ta sani. Dogon ɗan wasa zai zo ya tsaya kamar katanga a gefen wanda ke tsaron mai ƙwallo. Mai ƙwallo ya goga kafaɗarsa ya wuce, mai tsaro ya yi karo da katangar, dogon ya juya ya nufi kwando, a miƙa masa. Nan zanena ya ƙare.

Bara, a wani wasa da maƙwabtanmu, ana bin mu maki ɗaya, na ɗaga yatsa biyu. Yaron da ke riƙe da ƙwallo ya wuce katanga lafiya, amma maimakon ya ba dogon, sai ya wurga wa wani da ke tsaye a kusurwa. Wannan ya jefa, ba ta shiga ba. Muka faɗi. Na tsare yaron a gaban abokansa na yi masa faɗa. Ya ce, "Malam, mutum biyu ne suka bi dogon, na kusurwa shi kaɗai yake." Na ce ban tambaye shi ba. Tun daga ranar bai sake zuwa fili ba.

Bayan wata biyu na kalli tsohon wasa a waya: karo na shida na ƙarshen gasar NBA ta 1997 a Amurka, Chicago Bulls da Utah Jazz. Maki 86 da 86, lokaci ya kusa cika. Kowa ya san Michael Jordan za a ba ƙwallo. Bryon Russell na tsaronsa, sai John Stockton ya bar nasa mutumin, Steve Kerr, ya zo taimako. Jordan ya ga mutum biyu a kansa, ya miƙa wa Kerr, Kerr ya jefa ta shiga saura daƙiƙa 5. Chicago ta ci 90 da 86, ta ɗauki kofi. Abin da yarona ya yi ke nan sak. Bambancin kawai, ta Kerr ta shiga.

Shi kansa Stockton ya shekara 18 yana wasan katangar nan tare da Karl Malone, har ya bar tarihin miƙa ƙwallon da aka ci maki da ita sau 15,806. Abokan karawarsu duk sun san abin da ke tafe, amma tare shi ya yi wuya, domin tsarin yana da ƙofa fiye da ɗaya. In mai tsaro ya zagaya ta bayan katanga, ya ba ka sarari, ka jefa. In ya bi ka ta gaba, ya makara, ka kutsa. In su biyu suka rufe ka, dogon ya kuɓuta. In suka yi musanyar mutane, gajere ya faɗo hannun dogo. In na uku ya zo taimako, na kusurwa ya zama babu mai tsaronsa. Biyar ne da biyar: duk inda biyu suka taru a kan ɗaya, akwai wanda aka bari. Koci yana iya zana farkon tsari, amma sauran sai wanda ke cikin fili, cikin daƙiƙa 24 da doka ta ba shi.

Ashe na koya wa yara hadda, na hukunta wanda ya fahimta. Na tuna sau nawa na yi haka a aji, ina bin takarda alhali fuskokin yara sun nuna mini sun ɓata tun ɗazu.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar na je gidansu. Na gaida mahaifinsa, na ce na zo ba ɗansa haƙuri. Dattijon ya yi mamaki, ya ce tsakanin malami da ɗalibi ai babu wannan. Na ce akwai, in malamin ne ya yi kuskure.

Yanzu a atisaye nakan raɗa wa masu tsaro abin da za su yi, masu kai hari ba su sani ba. In an gama, tambayata ta farko ita ce, "Me ka gani?" Yaron ya dawo, kuma shi ne ke fara amsawa.