Haruffan da Faransanci ke rubutawa ba ya furtawa

Mu da muka tashi da karatun boko na Hausa mun saba da amana tsakanin ido da baki: abin da aka rubuta shi ake faɗa. Faransanci bai ɗauki wannan alkawari ba. Ana rubuta Paris, a ce "Pari". Ana rubuta beaucoup, harafin p ya yi shiru. Na daɗe ina ganin wannan ne ke sa ma'aikacin da ke karanta takardar Faransanci daga Yamai ba tare da gargada ba ya kasa buɗe baki a taro.

Dalilin yana cikin tarihi. A da ana furta yawancin baƙaƙen ƙarshen kalma, sai baki ya yar da su, alƙalami ya riƙe. Marubuta ma suka cusa wasu don nuna asalin Latin, kamar g a doigt, wato yatsa, daga digitus. Hukumar Académie française, da aka kafa a 1635, ta fitar da ƙamusunta a 1694, ta bar tsohon rubutun a kan kujerarsa.

Akwai ƙa'ida. Baƙaƙen d, p, s, t, x da z galibi ba a jin su a ƙarshe. Su c, r, f da l galibi ana ji: sac, mer, chef, sel, ban da irin parler da tabac. Idan e ta biyo baya, baƙin yakan farka: petit "pəti" ne ga namiji, petite "pətit" ga mace. Haka idan wasali ya fara kalma ta gaba: les amis ya zama "lezami". Six kuwa fuska uku gare shi: "sis" shi kaɗai, "si" a six francs, "siz" a six ans.

Kuskure a nan yana da tsada. Wanda ya haɗa s da héros a les héros ya mayar da jarumai les zéros, wato sifirai.

A ganina, wanda ya yi tajwidi ba baƙo ba ne a wannan fage. Ya san lamin da ake rubutawa a bar shi a ash-shams, ya san wasali na faɗuwa wajen waƙafi ya dawo wajen haɗi. Mu ma ba ma rubuta tsawon wasali da karin sauti, amma kunne na cike gurbin. Shawarata ita ce a koyi kowace kalma tare da maƙwabciyarta, kuma a ji ta kafin a gan ta.