Magudanar da na haƙa wa labarin Ikara, Maƙarfi da Kudan

Da damina ta ɗauke a bara, kawuna ya kira ni daga Hunƙuyi. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, sai ya ce, "Ɗana, kai ne ɗan jaridar gidanmu, amma a bakin direban tasha na ji wannan magana." Maganar kuwa ta wani tallafi ce da wata hukuma ta buɗe wa manoman rani. An saka sanarwar a shafinta na intanet, an ba da wa'adi, wa'adin ya cika, sannan labarin ya isa rumfar da Kawu yake zama. Ban sami abin cewa ba. A Kaduna nake, waya tana hannuna dare da rana, na san abin da ake ciki a majalisar Amurka, amma sanarwar da ta shafi gonar tumatirin da ta biya mini kuɗin makaranta ta wuce ni.

Da na zauna na yi nazari, sai na ga ba sakacina kaɗai ba ne. Facebook da 'yan'uwansa suna nuna wa mutum abin da ya fi jawo surutu, kuma sanarwar takin zamani ba ta jawo surutu. Jaridunmu kuma ba kullum suke waiwayar waɗannan ƙananan hukumomi uku ba. Sai an yi rashi, ko zaɓe ya ƙarato, ko kuma wata annoba ta faɗa wa amfanin gona, kamar tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon, wadda ta cinye tumatir a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan nomansa. Idan labarin ya fito, a ƙasan shafi yake fitowa, kafin azahar wasu ashirin sun danne shi. Abin da nake bukata shi ne wani ɗan aike marar gajiya, wanda zai riƙa zagaya shafukan yana tsinto mini duk inda aka ambaci garuruwanmu.

Irin wannan ɗan aike ya daɗe a duniya, sunansa RSS. Kamfanin Netscape ne ya fito da shi a 1999, wani yaro mai suna Aaron Swartz ya sa hannu a ɗaya daga cikin tsare-tsarensa a 2000 yana ɗan shekara 14, Dave Winer kuma ya fitar da RSS 2.0 a 2002. Aikinsa ba shi da wuyar fahimta. Shafin labarai yana ajiye wata takarda ta musamman a wani adireshi, duk lokacin da aka wallafa sabon abu sai a ƙara shi a samanta: kanun labarin, adireshinsa, ranar fitowarsa, ɗan taƙaitaccen bayani, da wata lamba da ta bambanta shi da sauran. Manhajar karatu irin su Feedly ko Inoreader ita ce take leƙa takardar lokaci-lokaci, ta kawo maka abin da ya ƙaru, a jere bisa lokacin fitowarsa, babu wanda ya zaɓa maka. Ni magudana nake ce wa wannan takarda, domin kamar ta fadama take: inda ka haƙa ta, nan ruwa zai bi. Mutane da yawa sun ɗauka RSS ya mutu ranar 1 ga Yulin 2013 da Google ya rufe manhajarsa ta Google Reader. Yana nan da ransa. Kusan duk shafin da aka gina da WordPress yana da tasa magudanar, sai dai ka ƙara kalmar feed a ƙarshen adireshinsa, kuma yawancin shirye-shiryen sauraro da kake saukewa a wayarka a kanta suke zuwa.

Matsalata ita ce babu jaridar da ta ware wa Kudan magudana, sai dai in haƙa tawa. Ni kuwa aikin jarida na karanta, ban iya rubuta yaren kwamfuta ba. A nan ne manhajojin haɗa ayyuka suka shigo, irin su Zapier da Make da IFTTT, waɗanda mutum yake jera akwatuna a allo, ya ja zare daga wannan zuwa wancan, ya ce idan kaza ya faru a yi kaza. Na zaɓi Make, wanda a da ake kira Integromat. Akwati na farko yana gadin magudanar da Google News yake bayarwa a kan kowace kalma ka nema. Na biyu rariya ce, wadda take tace abin da ya shigo. Na uku yana aika abin da ya tsallake rariyar zuwa wani zaure da na buɗe a Telegram. Cikin yammaci guda na gama, ina ta jin kaina.

Washegari na buɗe zauren, na tarar da shi cike da baƙi.

Kalmar Makarfi ta kwaso mini rikicin jam'iyyar PDP kaf, domin a idon injin bincike sunan na Sanata Ahmed Mohammed Maƙarfi ne, gwamnan Kaduna daga 1999 zuwa 2007, kafin ya zama na garin rake da mazarƙwaila. Kalmar Ikara ta kai ni Ostareliya, inda akwai wani gandun daji da aka sauya wa suna zuwa Ikara-Flinders Ranges a 2016; a yaren mutanen wurin na asali, kalmar tana nufin wurin haɗuwa. Kudan ce ta fi ba ni dariya. Akwai unguwa mai wannan suna a Tokyo, akwai kuma kamfanin fasaha na Japan da yake amsa shi, don haka na wayi gari ina karɓar rahoton hannun jari. Sannan ga namu na gida: duk marubucin Hausar da ya yi kasalar saka ƙugiya ya rubuta "kudan zuma", to labarinsa ya faɗo cikin komata. Mako guda na yi ina karanta amfanin zuma ga lafiyar ɗan Adam. Waɗanda suke cewa ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ado ce kawai, ina gayyatarsu su zo su ga zaurena na wancan mako.

Gyaran rariyar shi ne ainihin aikin, kuma a nan na gane cewa sanin gari ya fi sanin na'ura amfani. Na sharɗanta cewa sai an ambaci Kaduna ko Zariya tare da sunan garin. Na hana duk labarin da yake ɗauke da "zuma" ko "Tokyo" wucewa. Na saka Makarfi da Maƙarfi duka biyu, saboda injin yana iya ɗaukarsu kalmomi mabambanta. Na ƙara sunayen da babu mai su sai mu, irin su Hunƙuyi da Likoro da Gubuchi da Paki da Auchan, sai dai na ƙarshen ya zo da nasa baƙon, domin sunan wani babban kantin Faransa ne. Na kuma ƙara abubuwan da aka san mu da su: inabin Kudan, raken Maƙarfi, da kamfanin sarrafa tumatir na Ikara wanda aka kafa tun farkon shekarun 1980. Sanatan kuwa ban kore shi gaba ɗaya ba, don wani lokaci labarinsa da na garin ɗaya ne.

Akwai kuma lissafin kuɗi. A lokacin da na fara, Make yana ba da aiki 1,000 kyauta a wata, kuma kowane leƙe da akwatin farko ya yi aiki ɗaya ne, ko ya samo labari ko bai samo ba. Leƙe duk minti 15 ya kama sau 96 a rana, wato 2,880 a wata, ka ga an zarce tun kafin a aika saƙo ko ɗaya. Sai na mayar da shi duk awa uku, sau 240 ke nan a wata. Sanarwar taki ba ta lalacewa cikin awa uku.

Sai ranar da na'urar ta kunyata ni. Wani shafi ya sake wallafa tsohon labarin harin da aka kai wa masallata a ƙauyen Saya-Saya na Ikara a Satumbar 2023, da sabuwar rana da sabuwar lamba. Manhaja ba ta da tunani, lambar nan kawai take dubawa, idan ba ta taɓa ganin ta ba to labarin sabo ne. Ta aika shi zaure da tsakar dare ina barci. A lokacin na riga na shigar da 'yan'uwa da abokai cikin zauren, ɗaya daga cikinsu ya kwafe shi zuwa WhatsApp, kafin asuba wata gwaggona tana kiran ɗanta da yake aiki a wajen tana kuka. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ƙa'idar farko da aka koya mana a aji ita ce a tabbatar kafin a yaɗa, ni kuma da hannuna na gina abin da yake yaɗawa ba tare da ya tambayi kowa ba. Tun daga ranar na raba zauren biyu. Komai yana fara sauka a nawa ni kaɗai, sai na karanta sannan in tura. Labarin da ya ƙunshi kalmar hari ko garkuwa ko rasuwa ba ya fita sai na buga waya garin.

Bayan wata uku sai wani abu ya bayyana wanda rariya ba ta maganinsa. Akan yi kwana biyar zauren shiru, alhali an ci kasuwa, farashin kwandon tumatir ya faɗi, ruwa ya cinye wata gada, an naɗa sabon mai unguwa. Duk wannan yana yawo a bakin mutane, a saƙon murya, a sanarwar bayan sallar Juma'a, wani lokaci a gidan rediyo, amma babu wanda ya rubuta shi a inda inji zai gani. Facebook, inda matasanmu suke rubutu, ya daina ba da RSS na shafukansa tun 2015. Magudana tana nan a haƙe, ruwan ne babu.

Don haka na juya aikin. Na buɗe fom a Google mai tambaya huɗu: me ya faru, a ina, yaushe, wa ya gani da idonsa. Na raba wa mutum biyar da na yarda da su, cikinsu akwai malamin firamare da mai shagon magani da wata ɗalibar kiwon lafiya a Maƙarfi. Amsoshinsu suna taruwa a jadawalin Google Sheets. Wanda na tabbatar, sai in kwafe shi zuwa jadawali na biyu, daga nan Zapier ya mayar da kowane sabon layi labari a wata magudana mai adireshinta, wadda kowa zai iya sakawa a manhajar karatunsa. Ita kaɗai ce na sani da take ɗauke da farashin rake daga bakin wanda ya tsaya a kasuwar. Masu bin ta ba su da yawa, amma akwai abokan aikina biyu a ciki, kuma sau ɗaya wani edita ya tura wakili Kudan saboda layi uku da ya gani a can.

Kawu ba ya cika fom, ya ce yatsunsa na fartanya ne. Saƙon murya yake turo mini bayan sallar asuba, ya fara da gaisuwa mai tsawo, ya bi da labarin wanda ya yi aure da wanda ya dawo daga Umara, sai can wajen minti na huɗu ya faɗi kuɗin kwando. Ina saurara har ƙarshe, in rubuta da hannuna, in saka a jadawali. A makon jiya sanarwar rabon irin shuka ta faɗo zaurena da ƙarfe tara na safe, na karanta, na kira ofishin na tabbatar, sannan na kira shi. Ya ce in dakata ya nemo biro.