Na ce raki ne, ashe garkuwar jiki ce

Wata uku bayan matata ta haifi ɗanmu na biyu, sai ciwon gaɓoɓinta ya dawo. Da safe yatsunta su ƙage, ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Ni kuwa na ce raki ne, domin tana da tsohon ciki ma har wanki take yi ba ƙorafi. Wata rana a gaban ƙanwata na ce, "Maman Abba, ciwon nan naki ya san lokacin aiki." Ba ta tanka ba, ta dai sunkuyar da kai.

Sai da gwiwarta ta kumbura na kai ta asibiti. Bayan gwajin jini, likita ta ce amosanin gaɓoɓi ne, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa jikin mai ita. Na kawo hujjata ta lokacin ciki. Ta dube ni ta ce, "Malam, ai wannan ma halin ciwon ne."

Ta yi mana bayani. Sinadarin estrojin na mata yana zaburar da ƙwayoyin da ke haɗa makaman yaƙi da cuta, testosteron na maza kuwa yana sassauta su. Wannan na cikin dalilan da suka sa jikin mace ya fi karɓar allurar rigakafi, suka kuma sa kusan huɗu cikin biyar na masu cututtukan da garkuwa ke cin gida mata ne. Idan ciki ya shiga, furojesteron da sauran sinadarai sukan yawaita su lallashi garkuwar don kada ta kori ɗan tayi, sai gaɓoɓi su samu sa'ida. Da an haihu sinadaran su faɗi, ciwo ya farfaɗo. Tun 1938 wani likitan Amurka, Philip Hench, ya rubuta wannan sauƙi na masu ciki, kuma binciken da ya ci gaba da yi ya kai ga maganin kotizon da kyautar Nobel a 1950.

A hanyar gida na ce ta yafe mini. Ta ce ciwon bai kai maganata zafi ba. Washegari na kira ƙanwata, na janye maganar a gabanta, tunda a gabanta na faɗe ta.

Na auna jikinta da mudun nawa jikin, alhali ba iri ɗaya Allah Ya yi su ba. Yanzu idan ta ce yatsunta sun ƙage, ruwan ɗumi nake ɗora mata, in tuna mata ranar ganin likita.