Zamanin Motoci Masu Ruri

Yaran yanzu da ido suke sanin mota, su duba fenti, su leƙa allon da ke gaban direba. Mu da aka tura karatu Amurka a farkon shekarun 1970, da kunne muka santa. Kana kwance a ɗaki da dare, sai ka ji wani gurnani daga ƙarshen layi, gilashin taga ya ɗauki rawa. Ba sai ka leƙa ba, ka san inji mai silinda takwas ne ke wucewa. Masu kunnen gaske har suna rantsuwa cewa suna bambanta muryar Pontiac da ta Dodge.

Dabarar ba wata mai zurfi ba ce. A 1964 injiniyoyin Pontiac, ciki har da John DeLorean, suka ɗauko injin babbar mota suka cusa a jikin matsakaiciya, suka raɗa mata suna GTO. Samari suka yi mata ca. Ganin haka sauran kamfanonin Detroit suka bi sahu, aka shiga rige-rigen ƙarfin doki, har Chevelle SS ta 1970 ta kai doki 450. Mu kuwa daga gida muka fito, inda Fijo 404 ce sarauniyar hanya da injinta na lita 1.6.

Tawa Plymouth Road Runner ce ƙirar 1968, ta hannu, da kuɗin wanke kwanuka a gidan abinci na saye ta. Sabuwarta ma ba ta kai dala 3,000 ba, don an cire mata duk wani ƙawa. Kujerar gaba doguwar benci ce ta leda, da rani ta ƙona maka cinya, da hunturu sanyinta ya ratsa wando. Amma a ƙarƙashin bonet akwai inji mai lita 6.3. Sai kuma abin dariya: wannan ƙatuwar aba, idan ka danna oda, sai ta yi wani ɗan siririn kuka irin na tsuntsun zanen barkwanci da aka ara mata sunansa. Wani abokina Bakatsine yakan ce, "Malam, don Allah bar danna odar nan, kana zubar mana da girma."

Warinta ma na dabam ne. Da safe sai ka taka totur sau biyu kafin kafireta ta yarda, sannan ta tashi da tari, warin ɗanyen fetur ya gauraya da na leda da na tsohuwar tabar wanda ya riga ka mallakarta. Tana tsaye a danja tana karkarwa kamar ingarman da aka ja wa linzami ranar hawan sallah.

Gidan mai kuwa wurin karramawa ne. Galan guda, kusan lita huɗu, bai wuce senti 36 ba. Yaron gidan mai zai fito da gudu da tsumma a aljihun baya, ya goge maka gilashi, ya duba baƙin mai, ya gwada iskar taya, wani zubin har a ba ka kofin gilashi kyauta don ka cika tanki. Da irin kofunan nan muka yi ta shan shayi har muka gama karatu. Motar ba ta yin fiye da mil goma sha biyu da galan guda, amma wa ya damu?

Daren Juma'a da na Asabar na titin Woodward ne, wanda ya miƙe daga Detroit zuwa garin Pontiac. Ba inda za a je, kai-komo kawai ake yi, tagogi a sauke, rediyo na tashi. A tsaya a gidan abincin da ake kawo maka faranti a rataya a jikin taga. Idan danja ta tsayar da ku biyu gefe da gefe, babu magana. Ya kalle ka, ka kalle shi, ya ɗan taɓa totur. Kore na kamawa sai ƙarar taya da hayaƙin roba. Wanda aka bari a baya ya ɗaga hannu, a haɗu a danja ta gaba ana dariya.

Amma daɗin na can kan babbar hanya, I-75, bayan tsakar dare. Doka ta ce mil 70 a awa. Ka ga kwalta ta miƙe ba kowa, ƙafa ta yi nauyi da kanta, bayanka ya manne da kujera, allurar maleji ta haye ɗari, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Duk wanda ya kalli fim ɗin Bullitt na 1968, inda Steve McQueen a cikin Mustang ya bi baƙar Charger a tuddan San Francisco, a wannan daren shi ne Steve McQueen. Ido ɗaya dai na kan madubi, ana tsoron jiniya. Hoton da muke aikawa gida kuma na tsaye ne, an jingina da bonet, an gyara hula. Amsa ta dawo daga Hajiya ta hannun mai rubuta wasiƙa: a riƙa tafiya a hankali, sannu ba ta hana zuwa.

Ita ce da gaskiya. Motocin sun iya miƙewa, ba su iya tsayawa ba. Birkin yawancinsu na ganga ne, tayoyin sirara, a kwana sai addu'a. Bel yana nan, ba mai ɗaurawa. A 1972 mutum fiye da 54,000 suka mutu a hanyoyin Amurka, kuma kusan kowannenmu ya san wani saurayi da aka yi hira da shi ranar Juma'a, Litinin kujerarsa a aji babu kowa.

Ƙarshen ya zo a hankali, sannan ya zo gaba ɗaya. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa samari kuɗi. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta sa aka rage wa injuna kuzari. Sai Oktoban 1973, ƙasashen Larabawa suka hana mai, muka ga layi a gidajen da da ake roƙonmu da kofi. A Janairun 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar mil 55, wadda ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1995. Masu manyan injuna suka riƙa neman kai da su. Plymouth ta rufe a 2001, Pontiac a 2010.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni dai bana ma alhamdu lillahi, motar jikana ta fi tawa birki da lafiya nesa ba kusa ba. Kewar da nake yi ta ƙuruciya ce da abokan da muka cika bencin nan da su, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Ku kuma samari, in jini ya motsa a kan hanya, ku tuna akwai mai jiran ku a gida.