Layin da Muke Ja wa Muryar Rediyo

Mai kunna rediyo a Sakkwato, daga Kanwuri har Mabera, ya san masu gabatar da shirye-shirye da sunayensu. Bai san akwai wasunmu a ɗakin injina da aikinmu shi ne hana muryar nan shiga inda ba nata ba. Na kama wannan aiki a shekarun 1980, lokacin da gidajen rediyo duk na gwamnati ne, kuma akasarin jama'a matsakaicin zango suke saurare, in dare ya yi su juya gajeren zango su kamo Landan ko Jamus.

Kowace tasha tana da wurin da aka yanka mata. A matsakaicin zango, tsarin da ƙasashen Afirka da Turai suka amince da shi a Janiba a 1975 ya sa tazarar kilohaz 9 tsakanin tasha da tasha. Amma tiransimita ba ta tsaya a lambarta cif. Tana fantsama gefe da gefe, tana kuma haifar da wasu siginoni a ninki biyu da ninki uku na lambarta. Ga mu kuma a bakin iyaka: da dare, abin da muka saki yana wuce Illela da Birnin Ƙonni ya yi nisa cikin Nijar.

Na'urar awon sigina, wadda muke ce wa analaiza, ita ke nuna mana wannan. Daga hagu zuwa dama zango ne, daga ƙasa zuwa sama ƙarfi ne, sigina kuwa ta fito tsakiya ta yi tozo. Wadda na tarar tsohuwa ce mai koren gilashi, ba ta san wata iyaka ba. Maigidana, wani dattijon injiniya, shi ya koya mini yadda ake yi: a manna farar leda a gilashin, a buɗe takardar ƙa'ida, a ja layi da fensir mai maiƙo, hawa-hawa kamar yadda takarda ta ce. Kusa da tsakiya a bar wa sigina fili, can gefe kuma layin ya sauko ƙasa sosai. Idan an ce desibel 60 ƙasa, ana nufin kashi ɗaya cikin miliyan na ƙarfin tashar.

Abin da ya fi tsananta a kai shi ne a ja layin tun kafin a haɗa waya. Yakan ce da ni, "Yaro, ka taɓa ganin an dasa gamba bayan an ga inda hatsin maƙwabci yat tsaya? Iyaka aka fara sawa, sannan a yi shuka." A lokacin na ɗauka tsanani ne irin na manya. Daga baya na ga hikimar: wanda ya riga ya ga siginarsa, hannunsa zai so ya ɗaga layin kaɗan don ta shige.

Sauran aikin haƙuri ne. Sai na'ura ta yi rabin sa'a tana ɗumi kafin a yarda da ita. Ba a taɓa haɗa ta kai tsaye da tiransimita, domin bakinta ba ya ɗaukar fiye da wat ɗaya. Ɗan samfuri ake ɗebowa, a rage masa ƙarfi. Idan kuma aka cika mata sigina, ita kanta sai ta ƙirƙiro ɓarnar da babu ita a iska. Maganinsa, a ƙara rage desibel 10 a bakinta: in tsinin ɓarnar ya nitse fiye da yadda babbar siginar ta sauka, daga cikin na'urar yake, ba daga eriya ba. Zafin watan Afrilu, da kan haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, da sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, duk suna iya sa awon safe ya saɓa da na yamma.

Bayan dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, sai aiki ya sake fuska. Sababbin na'urori irin na Hewlett-Packard sun zo da layin iyaka a cikinsu: ka shigar da lambar zango da ƙarfin da aka yarda, ɗaya bayan ɗaya, na'ura ta haɗa layin, ta rubuta maka ko an ci ko an faɗi. Na yi murna da su ƙwarai, amma na lura cewa sauya iyaka ya koma danna maɓalli biyu, ba tare da ko alamar gogewa ba.

A zangon FM kuwa maganar ta wuce ta maƙwabtaka. Zangon ya ƙare a megahaz 108, kuma daga nan na jiragen sama ya fara har zuwa 137. Tashoshi biyu masu ƙarfi da eriyoyinsu ke kusa suna iya haɗuwa su haifi ta uku: ninka 105, ka cire 95, ka sami 115, cikin zangon da jirgi ke bi ya nemi hanya. Alhazanmu daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku suke tashi. Wannan lissafi shi ya sa ban taɓa ɗaukar layin nan wasa ba.

Yau tashoshi sun yawaita a Sakkwato, abin kuwa alheri ne. Roƙona ga masu su: wanda ya iya sayen tiransimita da janareta, ya nemi na'urar awo ko da ta haya ce, ya sa a auna masa a kai a kai, ya kuma bar injiniyansa ya ja layi inda ƙa'ida ta ce.